Fastar Fim ɗin Ɗalibi da Ciwon Taƙalidi

Yana daga cikin alheran da wannan zamani ya zo mana da su cewa sana'ar shirya fim, wadda a da ba a samunta sai ta hanyar bin ubangida zuwa wurin ɗauka, yau a riƙe masa jaka, gobe a riƙe fitila, har Allah Ya sa wata rana a miƙa wa yaro kyamara, yanzu ta samu zaure da malamai da manhaja, tun daga Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, wadda Hukumar Finafinai ta Nijeriya take kula da ita, har zuwa sassan wasan kwaikwayo da na aikin jarida a jami'o'inmu na Kano da Zariya da sauran garuruwa. Al'ada ce a irin waɗannan wurare, kafin ɗalibai su karɓi takardar shaidarsu, su haɗa kai da aljihu su fitar da ɗan gajeren fim, a haska shi a gaban malamai da 'yan uwa a auna shi. Finafinan nan akwai mai kyau a cikinsu, akwai mai buƙatar gyara, kamar yadda aikin mai koyo ya gada, hukuncinsu kuwa yana hannun malamansu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardar da ake liƙawa a bango domin kiran mutane zuwa kallo, wato fasta, tare da 'yan rakiyarta, ɗan guntun tallan nan da 'yan fim suke kira tirela, da hoton da ake turawa ta waya. Dalili kuwa, ɗalibin da ya yi watanni yana gyaran labari, ya sha rana a wurin ɗauka, ya hana idonsa barci wajen tace hoto da daidaita sauti, shi ne kuma za ka ga ya bar maganar fasta sai daren jajibiri, alhali kuwa cikin mutanen da labarin aikinsa zai riska, mafi yawansu fastar kaɗai za su gani, da ita kuma za su yanke masa hukunci.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon kwamfuta na bakin ƙofar makaranta a irin wannan mako ya san yadda lamarin yake gudana. Bayan isha'i ɗalibai uku ko huɗu za su shigo a gaggauce, janareta yana ruri a waje, mai shagon ya buɗe CorelDRAW ya janyo wani tsohon aiki da ya taɓa yi wa ɗan takarar kansila ko masu biki, ya share sunan da ke kai, sa'an nan ya juyo ya ce, "To, ku turo min hotunan ta WhatsApp." Kowa ya shiga laluben wayarsa, wannan ya turo hoton da ya ɗauka ranar Sallah, wancan ya turo na ranar bikin yayarsa, da kayan da ba su ya sa a cikin fim ɗin ba. A yanke kawunan a jera, babba a tsakiya, ƙanana a gefe. Ɗaya ya ce, "Malam, ɗan ƙara girman nawa mana, ai ni ne jarumin." Wani ya ce, "Bayan nan ya yi fili da yawa, a sa wuta ko wani dogon bene." Mai shago, wanda bai ga fim ɗin ba, ba a kuma gaya masa ko labarin mene ne ba, ya shiga intanet ya ɗebo harshen wuta da benen wata ƙasa ya cike gurbin, ya rubuta sunan fim da haruffa masu ruwan zinariya, a biya shi, a tafi. Ba na ganin laifin mai shagon ko kaɗan, gama da abin da aka kawo masa ya yi aiki, kuma a cikin sa'a guda babu gwanin da zai yi abin da ya fi haka. Sai dai a wayi gari da takarda a bango wadda, in da za a cire sunan da ke jikinta a sa na wani fim, babu wanda zai lura an yi canji.

Wannan tsari na jera kawuna gadonsa ɗalibai suka yi, kuma yana da asali wanda ya kamata a sani kafin a zarge shi. Tun zamanin da gidajen silima na Kano, irin su Plaza da Orion da Marhaba, suke cika da masu kallon finafinan Indiya, idon mutanenmu ya saba da fastar da ke ɗauke da fuskar jarumi da ta jaruma da ta mugu, kowa da girmansa gwargwadon matsayinsa. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kunno kai, daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sai wannan salo ya samu wani dalili na kasuwa wanda ya fi na sha'awa ƙarfi. A tsarin cinikin da ya kafu a kasuwar Ƙofar Wambai, furodusa yakan ba 'yan kasuwa kaset ɗin asali su yi ta kwafa da injinansu, shi kuwa abin da yake bugawa ya kawo musu shi ne kwalin da za a sa kaset a ciki, yawan kwalin da ya shiga shi ne yawan kuɗinsa, kamar yadda Brian Larkin, masanin da ya zauna a Kano ya yi bincike a kan wannan kasuwa, ya bayyana. Ke nan dukiyar mai fim tana jikin kwali, kwalin kuma yana tsakiyar ɗaruruwan 'yan uwansa a kan teburin mai kaset, mai saye kuwa, wanda la'alla yaro ne aka aiko daga cikin gida, ba shi da lokacin karanta komai. Abin da zai tsayar da idonsa shi ne fuskar da ya sani. Bayan fim ɗin Sangaya ya yi tashe, fuskar Ali Nuhu da ta Fati Muhammad sun zama kuɗi a hannu, marigayi Rabilu Musa kuwa har sunan fim ake farawa da laƙabinsa Ibro don kada mai saye ya yi ɗimuwa. Wanda ya jera fuskoki biyar a kwali a wancan lokaci ya yi aiki da hankali, domin kowace fuska da jama'arta.

To, a nan mas'alar take. Malamanmu na usulu sun kafa ƙa'ida cewa hukunci yana tafiya ne tare da sababinsa, in sababin ya samu hukuncin ya tabbata, in ya gushe hukuncin ya gushe. Sun kuma yi gargaɗi game da ƙiyasin da ake yi tsakanin abubuwa biyu da suka yi kama a zahiri, alhali sun saɓa a inda ya fi muhimmanci. Sababin jera fuskoki shi ne shaharar masu fuskokin. Ɗalibi kuwa, 'yan wasansa abokan ajinsa ne, da ƙanwar abokinsa, da wani dattijo da aka roƙa ya fito a matsayin uba, waɗanda duk da mutuncinsu da ƙoƙarinsu babu wanda ya san su a bayan ƙofar makaranta. Idan ya jera kawunansu kamar yadda ake jera na taurari, ya ɗauki hukunci ya bar sababi, ya cika takardarsa da amsar tambayar da ba wanda ya yi masa, ya kuma ƙyale tambayar da kowa yake yi, wato labarin mene ne wannan, kuma don me zan bar abin da nake yi in zo in zauna. Wannan shi ne taƙalidi tsantsa, kuma inda ya fi ciwo, a makaranta yake faruwa, wurin da aka gina musamman domin a koya wa yaro neman dalilin abu kafin ya kwaikwaye shi. Ɗan kasuwa yana da uzuri in ya ƙi gwada sabon abu, gama tsoron karyewar jari yake yi. Ɗalibi ba shi da dillalin da zai mayar masa da kaya, ba shi da bashin kowa a wuyansa, saboda haka da wuya ya ƙara samun sararin yin ijtihadi irin wanda yake da shi a yanzu, kuma hasara ce babba ya kashe wannan sarari wajen kwaikwayon kasuwar da ita kanta ta riga ta canja, tun da kaset da faifai suka ba YouTube da tashoshi irin su Arewa24 wuri.

Abin da ɗalibi ya mallaka, wanda ba kowane mai kuɗi yake da shi ba, shi ne labarinsa, kuma daga cikin labarin ya wajaba fasta ta fito. Ma'abota balaga suna yabon ijazi, wato tara ma'ana mai yawa a cikin lafazi kaɗan, kuma babu aikin da yake buƙatar ijazi kamar fasta, domin mai wucewa ba zai ba ta fiye da duba ɗaya ba. A Amurka, a 1955, lokacin da Otto Preminger ya shirya The Man with the Golden Arm a kan mutumin da jarabar ƙwaya ta kama, yana da Frank Sinatra a hannunsa, wanda duniya ta san fuskarsa, amma abin da ya zama tambarin fim ɗin, wanda har yau masu koyon zane suke nazarinsa, shi ne wani karkataccen hannu da Saul Bass ya zana, kamar an kakkarya shi an sake haɗawa, wanda ya faɗi halin mashayi tun kafin a kashe fitilar zaure. Fastar Jaws ta 1975 kuwa ba ta nuna fuskar ko ɗaya daga manyan 'yan wasanta ba: mace ce tana iyo a saman ruwa ba ta san komai ba, ƙaton kifi yana tasowa daga ƙarƙashinta da baki buɗe, mai duba ya san abin da mai iyon ba ta sani ba, wannan sanin kuma shi ne ya kai shi layin tikiti. In waɗanda suke da taurarin da za su dogara da su sun fifita ma'ana, ina ga wanda ba shi da kowa sai ma'anar?

A ɗauka ɗalibai sun yi fim a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka ɗora mata talla. Farantin gyaɗa ajiye a ƙasa a gindin tagar aji, da yatsun yarinya riƙe da ƙarfen tagar daga waje, sun gama faɗin labarin, sun kuma bar wa mai duba tambayar da ba zai samu amsarta ba sai ya shigo. Ko a ce fim ne a kan shan maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018: jakar makaranta a buɗe, kwalba wofi tsakanin littattafai, ta wadatar. Fuska ma tana da mahallinta, da sharaɗin ta kasance fuska ɗaya a cikin wani hali na labarin, tana tsoro ko tana jira ko tana ɓoye wani abu, da kayan da aka sa a fim, a wurin da aka ɗauke shi. Hanyar gano irin wannan hoto ba ta buƙatar kwamfuta. A zauna da fensir da takarda, kowa ya faɗi fim ɗin a jimla ɗaya har a yi ittifaƙi, a zana ƙananan siffofi barkatai, a zaɓi biyu ko uku a nuna wa wanda bai karanta labarin ba, mai shayin bakin titi ne ko gwaggo a cikin gida, a tambaye shi me yake tsammanin zai gani. Amsarsa ita ce mizani.

Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai an fara tunanin fasta tun ana rubuta labari, a kuma naɗa mutum guda wanda aikinsa a wurin ɗauka shi ne ɗaukar hotuna marasa motsi kawai. Masu cewa ai za a ciro hoto daga cikin fim ɗin in an gama, lissafi bai goyi bayansu ba. Bidiyon da aka saba ɗauka faɗinsa ɗigo 1920 ne, tsayinsa 1080, maɗaba'a kuwa tana son ɗigo 300 a kowane inci kafin hoto ya fito garau a takardar da za a duba daga kusa. In aka raba za a ga hoton kusan santimita 16 a 9 ne kawai, alhali ƙaramar fasta ta A3 santimita 29.7 ce a 42. Ga shi kuma bidiyo a kwance yake, fasta a tsaye, sai an yanke fiye da rabinsa an zubar kafin ya shiga. Bugu da ƙari, kyamarar da ke ɗaukar hoto 24 ko 25 a daƙiƙa ɗaya tana barin duk abin da ke motsi ya ɗan yi dishi-dishi, ido ba ya kama wannan in fim yana tafiya, amma da zarar an tsayar an buga a takarda sai aibin ya fito fili. Maganinsa ɗan lokaci ne da za a ware bayan an gama fitowa mai muhimmanci, 'yan wasa suna cikin kayansu, fitilu suna kunne, a ɗauki hoto a tsaye, a bar sarari a sama ko a ƙasa domin rubutu. A kuma tuna cewa WhatsApp yakan matse hoto ya rage masa inganci in ba a tura shi a matsayin fayil ba, kuma launin da ake gani a fuskar kwamfuta haske ne, na takarda kuwa tawada huɗu ce ake cakuɗawa, saboda haka shuɗi mai walƙiya yakan dusashe, wuri mai duhu kuma yakan koma baƙi ƙirin. Wanda bai buga gwaji ɗaya ya duba a hasken rana ba kafin ya biya kuɗin sauran, ya sayi kaya a cikin buhu.

Sai mas'alar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina, ita ce ta gaskiya. Fasta alkawari ce tsakanin mai fim da mai kallo, shari'armu kuwa ba ta ɗauki nuna wa mutum abin da ba shi ne a cikin kaya ba da wasa. Imamu Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi a kan me ya hana shi fito da jiƙaƙƙen sama inda mutane za su gani, ya kuma yi kashedi mai tsanani game da algus. Wanda ya sa wuta da jirgin sama da bindiga a fastar fim ɗin da aka ɗauka kaf a tsakar gida ɗaya da zaure ɗaya ya shiga wannan babi, ko da kuwa kallon kyauta ne, domin lokacin mutane ma dukiya ne. A Ghana, a shekarun 1980 da 1990, masu yawo da bidiyo da janareta gari-gari sukan sa masu zane su yi musu fasta da fenti a kan buhunan fulawa, kuma sau da yawa mai zanen yakan ƙara abubuwan ban tsoro da babu su a fim ɗin don ya ja 'yan kallo. Yau ana baje kolin waɗannan zane-zane a Turai da Amurka saboda ƙarfin hannun masu su, kuma sun cancanci haka; amma mai yawo da bidiyo gobe yana wani gari, ɗalibi kuwa sunansa na farko yake kafawa a cikin mutanen da zai yi shekaru yana aiki da su. Fitinar ta ƙaru a yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda za ka rubuta musu jimla ɗaya su ba ka hoton da ya fi ƙarfin kasafin fim ɗinka nesa ba kusa ba, da fuskoki sumul waɗanda ba na kowa ba ne, da riguna da gine-ginen da ba a san ƙasarsu ba. Mutum ya shigo zaure da wannan hoto a ransa, a haska masa abin da yara suka iya yi da kuɗin aljihunsu, sai ya ga naƙasa a inda da zai ga ƙoƙari, fastar ta zalunci fim ɗinta da kanta. Haka hukuncin yake a tirela: fim ɗin minti goma sha biyar, rabin minti ya ishe shi talla, a ɗauko shi daga abin da ke ciki, kada a tona ƙarshen labari, kada kuma a ɗora masa kiɗan wani mawaƙi ba da izininsa ba.

Game da rubutu, abu ɗaya nake roƙo da babbar murya, shi ne a ba haruffanmu masu lanƙwasa haƙƙinsu. An tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko tun shekarun 1930, maɗaba'ar Gaskiya ta Zariya kuma ta yi shekaru tana buga littattafai da su a zamanin da ake aiki da haruffan dalma, to wane uzuri ya rage wa mai kwamfuta? Fim ɗin da mai shi ya sa wa suna Ƙaya, in aka buga shi Kaya, an canja masa labari tun daga bango. Asalin matsalar shi ne yawancin ƙirar haruffan ado da ake saukowa daga intanet ba a yi su da Hausa a zuciya ba, sai ƙ ta fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma, ko ta zama akwati wofi, mai shago kuma ya ga mafi sauƙi ya cire lanƙwasar. Akwai ƙirar haruffa na kyauta, irin su Noto da Charis da Andika, waɗanda suke ɗauke da su duka, har da ƴ da 'yan uwanmu na Nijar suke rubutawa. Wanda ya fi wannan kuma shi ne a nemi mai kyakkyawan hannu ya rubuta sunan fim ɗin da alƙalami ko buroshi a ɗauki hotonsa. Ƙasar da ta gaji zayyanar allo da ta littattafai, da zanen bangon gidajen Zariya da Kano, da aikin allura na manyan riguna, ba ta rasa inda za ta ɗebo siffa da launi ba, in dai labarin ne ya kira su, ba a liƙa dagin Arewa a kusurwa don a ce an yi al'ada ba. Ɗalibai ne fa, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello daga baya, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon zanen Turai ba, za su haɗa abin da suka koya da abin da suka gada. Sunayensu kuwa har yau suna cikin waɗanda ake fara ambata in ana tarihin zanen zamani a Nijeriya.

Magabatanmu masu kwafar littattafai da hannu, in sun kai ƙarshe, sukan rubuta sunan wanda ya kwafa, wani lokaci har da wanda aka kwafa dominsa, su roƙi mai karatu addu'a, gama a wurinsu jingina aiki ga mai shi amana ce. Fim aikin gayya ne, kuma a fim ɗin ɗalibai ba a biyan kowa, wanda ya wuni riƙe da sandar makirufo har kafaɗarsa ta sage, da wadda ta ɗinka kaya, da wanda ya tace hoto, sunansu a ƙasan fasta shi ne ladansu, shi ne kuma shaidar da za su nuna in sun je neman aiki. A rubuta su duka da ƙananan haruffa masu karantuwa, a duba harafin kowane suna sau biyu, kada a manta da wanda ya tsara fastar kanta. Kamar yadda suna yake haƙƙi kuma, haka fuska take, kuma a nan nake so shugabannin rukunin ɗalibai su ji tsoron Allah. Ɗalibar da ta yarda ta fito a fim ɗin aji, ta yarda ne da zaure ɗaya da malamai da abokan karatu. Fasta kuwa ba ta tsayawa a zaure: kafin magariba hoton ya isa wayar kawunta, ya isa gidan da ake neman aurenta, kuma in matsayin da ta fito na mashayiya ne ko na fitinanniyar kishiya, mun san da yawa daga mutanenmu ba sa raba ɗan wasa da rigar da ya ara. Wajibi ne a nuna mata ainihin hoton kafin a buga, a nemi izininta a bayyane, in ta ƙi kuma maganar ta ƙare, ba tare da gori ko matsin lamba ba. Yaro ƙarami kuwa izinin na iyayensa ne.

Wani zai ce duk wannan magana ce ta masu hali, ɗalibin da ya ci bashi ya yi hayar fitila ina ya ga kuɗin mai zane? Amsa ita ce, babu ɗaya daga abubuwan da na ambata da ya fi fastar jera kawuna tsada. Hoto ɗaya mai ma'ana da launi ɗaya ko biyu ya fi arha a wurin bugu, har injin kwafi na baƙi da fari yana iya fitar da shi da kyau, kuma a harabar makarantu da yawa akwai ɗaliban sashen zane waɗanda su ma suke neman aikin da za su gwada hannunsu a kai, tsakaninsu da 'yan fim tafiyar minti kaɗan ce. Sauƙin tsari yana da wata fa'ida kuma, domin mafi yawan masu ganin fasta a yau a waya suke ganinta, ba ta fi tafin hannu ba, a tsakiyar hotunan biki da na siyasa. Kawuna bakwai a wannan girma sukan zama tabo bakwai, hoto ɗaya da suna ɗaya kuwa suna nan daram. A gwada ta a wayar da ta fi kowace ƙanƙanta a cikin rukunin, a ga ko rana da sa'a da wurin kallo suna karantuwa, gama waɗannan uku su ne farillan sanarwa, kuma su ne aka fi turawa can ƙasa a matse.

Ragowar nauyin yana kan malamai, domin ɗalibi yana kashe ƙarfinsa ne a inda ya san akwai maki. In sashe ya ware wani kaso na makin aikin ƙarshe ga fasta da tirela da taƙaitaccen bayanin labari, ya kuma shar'anta a kawo daftarin fasta tun kafin a fara ɗauka a kare shi kamar yadda ake kare labarin, daren jajibiri a shagon kwamfuta zai mutu da kansa. Wannan horo ne da ake buƙatarsa nan take, domin bukukuwan finafinai, daga Zuma da Hukumar Finafinai ta Nijeriya take shiryawa a Abuja har zuwa FESPACO na Wagadugu, wanda aka fara tun 1969, duk wanda zai aika musu da fim sai ya haɗa da hotuna masu inganci da bayanin labari, kuma fim ɗin da zai fita daga harabar makaranta zuwa kallon jama'a akwai hukumomin tacewa da suke da ta cewa a kansa, ta ƙasa da aka kafa a 1993 da ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, gara ɗalibi ya san ƙa'idojinsu tun yana gaban malaminsa. Ina kuma roƙon kowane sashe ya tanadi akwati ko durowa guda, a riƙa ajiye kwafi biyu na kowace fasta tare da fayil ɗinta na kwamfuta, a tilasta rubuta shekara da sunan sashe a jikinta kafin a karɓa, domin 'yan ajin da ke tafe su samu aikin yayyensu a gabansu su duba inda aka dace da inda aka kuskure kafin su ɗauki fensir.